Tukunyar Matata da Kuka Saka Cikin Gilashi

Zuwa ga Madam Shugabar Baje Kolin Fasahar Zamani, Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ke da duk ma'aikatanki. Ni ne Isufu mai gadi, daga Arlit. Aji huɗu na yi a lekol, mushe malaminmu ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, saboda haka in rubutun ya karkace ki yi haƙuri. An ce ke ce mai zaɓen abin da za a nuna wa jama'a da abin da za a bari a sito. Shi ya sa na tsallake kowa na zo gare ki.

Na ɗaya. Bara, lokacin da ba a bin hanyar Agadez sai da rakiyar soja, wani mai fasaharku ya shigo gidana da kamara da ɗan akwatin awo a rataye. Ya kara akwatin a jikin tukunyar tuwon matata Hadiza, abin ya kama kuka kamar gyare. Ya yi murmushi, ni ma na yi, don ban san dalilin kukan ba. Ya sa safar hannu ya ɗauke ta, ya bar mana sabuwa ta kanti. Sati guda na yi ina ba abokai labari a wurin shayi wai na samu wawa. Ashe shi ne ya samu.

Na biyu. 'Yata Rabi tana karatun jinya a Yamai. Watan jiya ta shiga zaurenku da ƙawayenta, sai ga tukunyar uwarta cikin gilashi, an haska mata fitila, an ja jan layi a ƙasa kada kowa ya matso. Ta gane ta da hannun da na ɗaure da waya. Takardar da ke gefe ta bayyana da Faransanci cewa an ƙera ta da ragowar ƙarfen ma'adinai mai guba, an samo ta a gidan wasu mutane. Madam, mu ne mutanen. Shekara tara muna cin tuwo daga cikinta, ni har ƙanzo nake kankarewa, don ban iya barin komai ba. Rabi ta bar ƙawayenta a wurin. Waje ta fita ta kira ni.

Na uku, kuma shi ya sa na nemi biro. Tukwanen biyu ne. Rana ɗaya na saye su, wurin maƙeri ɗaya. Mutuminku ya gan su duka. Ya zaɓi wadda ta lotse don ta fi kyau a hoto, ya bar mana ɗayar bai ce uffan ba. Fiye da shekara Hadiza na yi wa yara huɗu miya a cikinta. Kun samu lokacin buga katin gayyata, manya sun zo sun sha lemo suna girgiza kai, amma ba wanda ya samu minti ɗaya ya kira Arlit.

Yanzu na kife ta miyar a bayan gida na danne da dutse, kamar ɓarawon da na kama. Autarmu Zali, shekararta shida, tana tari tana ramewa. Likita ya ce ƙura ce. Mai yiwuwa, don a garin nan har awaki tari suke yi. Ban ce tukunya ce ba, ban sani ba. Amma Hadiza ta daina cin abincin kirki, tana cewa da hannunta ta zuba musu.

Ba na neman tukunya. Ku riƙe ta, ta fi mai ita sa'a: an ce har Faransa za ta, ni ban taɓa wuce Tawa ba. Roƙona shi ne a rubuto mini da Hausa abin da akwatin nan ya nuna, da ma'anarsa ga yaron da ya ci. A gaya mini asibitin da zan kai Zali. A dawo da akwatin a auna gidana, ƙofa da gado da duk wani ƙarfe, sannan a zaga unguwa, don maƙerin nan ba ni kaɗai ya sayar wa ba. Wanda za ki aiko kuma, wannan karon ya buɗe baki.

Allah ya ɗaukaka aikinki, ya raya miki zuri'a, kada ya nuna miki ranar da za ki zuba wa ɗanki abinci gabanki na faɗuwa.

Wassalam.
Isufu mai gadi, Arlit.