Rigar Aikinka Tana Bayan Rumbu

Yaya Sani,

Ina gajiya, ina iyali, ina zafin Arlit? Mu nan Tibiri lafiya, an fara girbin gero.

Rigar aikin da ka bari, na tarar Inna tana matashin kai da ita. Ƙurar uraniyom, ma'adinin da kuke haƙa, ba a ganin haɗarinta da ido, sai na ɗaure rigar cikin leda ban kakkaɓe ba, na kai bayan rumbu, muka yi wanka da sabulu.

Inna ta ce, "Ke da karatunki! Ƙamshin ɗana ne guba?" Ni ma kewarka nake.

Don Allah ka aiko mata wata rigar da ba ta taɓa zuwa wurin haƙa ba, amma ka kwana da ita tukuna. Gaida yara, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza