Jallabiyarka a Injin Ummi

Alhaji,

Sallama da gaisuwa irin wadda na saba yi maka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, da gilashinka za ka ce ka manta a mota, ka sa in karanta maka da bakina. To ga shi ina rubutawa, domin maganar ta cika mini ciki, kuma ba kowa zan gaya wa ba.

Gida lafiya. Na fita takaba, an raba kayanka, yayanka Alhaji Sani ya yi komai cikin mutunci. Darbejiyar bakin get ta karye reshe a ruwan farko. Malam Ɗanjuma mai wankinmu ya koma garinsu a Jigawa, ya ce bayansa ya daina ɗaukar sunkuyo. Ni dai ina zargin ganin ba ka nan ne ya sa gidan ya fita ransa, amma ban tsare shi ba.

Tafiyarsa ce ta jawo maganar injin wanki. 'Yarka Ummi ta zo daga Hotoro ta ɗauke ni zuwa wani kanti, wai in zaɓa da kaina. Wane zaɓi? Tun a mota na gane ta gama yanke shawara. Ni wanda ake buɗewa ta sama na so, in ga ruwa ya cika, kaya suna iyo a ciki. Mai kantin, wani mai zaƙin baki da bai taɓa wanke ko hankici ba in ka dubi hannunsa, ya ja mu wajen wani mai ƙofar gilashi a gaba. Wai ba ya shan ruwa, ba ya cin wuta, solar gidanmu ma za ta ɗauke shi. Ummi sai gyaɗa kai take, tana tuna mini yadda rijiyar burtsatsenmu ke ja da baya duk bazara. Kai ka san ni, da zarar an cika yabon abu sai in fara neman inda aka ɓoye aibinsa.

Alhaji, a duniya ka taɓa jin wanki ba ruwa? Ranar farko kujera na jawo na zauna gabansa. Ya kulle ƙofarsa da kansa, ya juya kayan hagu, ya juya dama, ya tsaya kamar mai tunani. Ummi ta ce wai auna nauyinsu yake. Sai ya tsiyayo ɗan ruwan da ko alwalarka ba zai isa ba. Kumfa babu, don sabulunsa ma na daban ne, ɗan murfi ɗaya ake zubawa. Ya daɗe yana abu guda, ya gama, ya yi wata 'yar waƙa kamar wanda ya yi abin kirki. Kayan sun fito fes a ido. Amma ido ai ruɗinsa ake yi.

Abin da ya fi damuna tsarki ne. Yaya zan tsaya gaban Ubangijina da hijabin da aka yi wa yayyafi? Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce in dai ruwa mai tsarki ya bi ta kan tufa har najasar ta gushe, babu launinta babu warinta, to ta tsarkaka, ba a yawan bokiti abin yake ba. Na ce to. Na dawo gida na ci gaba da ɗauraye kayan sallata a baho bayan injin ya gama nasa. Ruwan da ya yi mana tattalinsa ni nake ƙarar da shi, Ummi na ta mita.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Da ake raba kayanka na roƙi abu ɗaya, farar jallabiyar da aka kai ka asibiti da ita. Ban bari an wanke ta ba. Akwai ɗigon jini a hannunta, inda aka sa maka allurar ƙarin ruwa. Amma a wuyanta kana nan: almiskinka, man zafin da nake shafa maka a kafaɗa, da wani ƙanshi da ba na turare ba, naka ne kawai. In na idar da walaha nakan buɗe durowa in sa fuskata a ciki. Ban taɓa gaya maka ina son ƙanshinka ba. Kunya ta hana, shekara da shekaru. Ko ka gane da kanka?

Da damina ta yi nisa sai fumfuna ta fara kama gefenta. Ummi ta gani, ta ce in ba a wanke ba ruɓewa za ta yi a hannuna. Gaskiya ta faɗa. Na yi ta juya abin a raina. In na sa ta a baho na san hannuna, ba na wankin wasa, komai zai tafi. Sai dabara ta zo mini. Ga marowacin inji nan da na tabbata ba ya wanke komai sai ya shafa. Na ce ai shi ne daidai: ya ɗauke fumfunar sama-sama, ya bar mini kai. Na zaɓi wankinsa mafi gajarta, na rage sabulun, na sa ta ita kaɗai.

Yana kulle ƙofar, sai na so in fasa. Na danna nan na danna can, ya ƙi buɗewa. Ina zaune ina kallonta ta gilashi tana tashi tana faɗuwa a cikin ɗan ruwan nan da na raina.

Ta fito fara sol. Babu fumfuna, babu jinin. Na kai wuyanta hancina, na juya ta, na shinshina hammata, na shinshina aljihu. Sabulu kawai. Wata nawa ina cewa injin nan maƙaryaci ne, ashe duk abin da mai kantin ya faɗa gaskiya ne. Me ya sa sai a kan rigarka zai nuna mini?

Na shafa mata almiskinka da ya rage a kwalba. Ƙanshin kwalba ne, Alhaji, ba naka ba.

Ummi na murna wai na saki jiki da injinta, tunda ta ga na daina ɗauraya a baho. Ban gaya mata dalili ba. Ita jallabiyar tana rataye inda ka saba rataye ta, da tsarkinta, ko yau ka shigo za ka iya salla da ita.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ƙanshin Aljanna kake shaƙa. Sai na zo.

Matarka,
Binta