'Yar Farar Ƙwayar Mudassiru

Kura, ranar Litinin

Yaya Saude,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ya aikin asibiti? Mu nan mun gode Allah, tumatir ya fara shigowa kasuwar Kwanar Gafan, mu dillalai mun farfaɗo.

Godiya na rubuto in yi miki kan maganin da kika matsa mana muka karɓo wa ɗana Mudassiru a Kano. Gaskiya magani ne. Yaron da yake cewa injin ban-ruwa na kiran sunansa, har sai da muka tsamo shi daga kanal, babbar hanyar ruwan gonaki, da rigar makaranta a jikinsa, yanzu injin ya yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ya zama yaron kirki irin wanda ba a taɓa yi a zuri'armu ba. Inda ka ajiye shi da safe, nan za ka tarar da shi da la'asar. Ba musu, ba yawo, ba dariya balle ta dami maƙwabta. Na ce wa uwarsa da za a sa masa malafa a kafa shi a gonar shinkafa, da mun huta da neman mai korar tsuntsu. Ba ta yi dariya ba. Ni ma daga baya ban ji daɗin bakina ba.

Ƙwayoyin biyu ne: babbar ta cutar, sai 'yar farar da likita ya ce ita ke hana babbar sandarar masa da jiki. Yana sha. Abokansa na makaranta kuwa, tun ranar kanal ba wanda ya sake taka zaurenmu. Ɗan shekara sha shida, Yaya, amma ba mai sallama da shi.

A gaida kowa.
Ƙaninki, Iliyasu

Kura, ranar Asabar

Yaya Saude,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin maigidan? Saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Kin tuna na faɗa miki a waya Mudassiru ya yi abokai? Samarin nan ne masu wanke babura a bakin gadar kanal. Su ke zuwa har gida su ɗauke shi, suna ce masa Oga Muda. Ranar da na ji dariyarsa daga zaure, sai da na shige bayan gida na goge ido. Har kwandon tumatir na aika musu.

Shekaranjiya na tafi da shi kasuwa ya riƙe mini kwanduna. Muna cikin ciniki sai wuyansa ya murɗe gefe, ido ya kafe sama, harshe waje. Mutane suka watse, wasu na cewa iskokin ne suka dawo. A asibiti aka yi masa allura wuyan ya sake, sannan ma'aikaciyar ta tambaye ni yaushe rabonsa da 'yar farar. Na rantse kullum yana sha. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Ashe ita ce samarin gada ke nema ruwa a jallo, wai tana sa su ji suna shawagi. Ba sayarwa yake ba, kyauta yake ba su, su kuma su ba shi wurin zama a kan benci. Ni da nake gane ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando tun daga kan mota, ni ne na yi wa waɗannan tukuici.

Yanzu da hannuna nake ba shi, ya buɗe baki in leƙa ƙarƙashin harshe kamar mai sayen akuya.

Naki, Iliyasu

Kura, ranar Laraba

Yaya Saude,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara. Uwar Mudassiru na gaishe ki, ba ta da ƙarfin rubutu.

Wuya ya miƙe, benci ya tafi. Tun da ƙwayar ta daina fita, Oga Muda ya koma mahaukacin gidan Iliyasu. Jiya ya je gadar da ƙafarsa, suka tashi suka bar shi da bokiti. Ya daɗe a tsaye yana kallon ruwa, ni kuma ina laɓe bayan buhunan albasa ina kallonsa. Kasuwa ma yanzu rabi nake ci, don ba na iya nisa da kanal ɗin nan.

Shawararki na bi, na koma wurin likita. Ya ce akwai wani sabon magani da ba ya sandarar da jiki sosai, ba sai an haɗa da 'yar farar ba. Na dawo da murna na faɗa wa yaron. Sai ya dube ni, irin duban da bai yi mini ba tun kafin ciwon, ya ce in aka raba shi da 'yar farar, me zai riƙa kai musu? Ya ce gara masa murɗaɗɗen wuya a cikin mutane da miƙaƙƙe shi kaɗai. Kuma in na canza, ba zai ƙara haɗiyar komai ba, ya koma wurin injin, ko ba komai injin yana kiran sunansa.

Ba da ihu ya faɗa ba, Yaya. Da hankalinsa ya faɗa, hankalin da maganinku ya dawo masa da shi.

Na shekara ashirin ina daidaita mai saye da mai sayarwa, ban taɓa rasa farashin da kowa zai tashi da shi ba sai a cikin gidana. Na iya tura masa ƙwaya a baki. Ban iya tura yaro ko ɗaya cikin zaurena ba.

Gobe Alhamis za mu koma wurin likitan. Ke da kika san sunan kowane magani, akwai wanda ake ba 'ya'yan maƙwabta su sha, su zo su yi sallama da shi?

Ƙaninki, Iliyasu