Tukwanen da Na Tsamo a Ƙarƙashin Tabki

Rusairis, 9 ga Mayu, 2019

Zuwa ga ƙanwata Ruƙayya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu da zafin Khartum? Iya lafiya lau, sai gwiwar nan tata.

Ruwan tabki ya ja baya sosai bana. Ranar Talata tarun kifina ya maƙale a wajen tsohon garinmu da ruwa ya ci bayan an ƙara tsayin dam. Na nutsa in kwance shi, sai hannuna ya faɗa kan manyan tukwane a kife, a jere cikin laka, an raba kowacce gida biyu. Na tsamo guda tara. Wani baƙo mai sayen kayan tarihi ya gan su a bakin ruwa, ya ce aikin mutanen zamanin da ne, tun kafin kakanninmu su zo daga yamma, kuma Turawa na son irinsu. Ya ɗauki shida, zai dawo.

Na san halinki, malama lauya. Kin sha gaya mini akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya da ta ce abin da ya shekara ɗari a ƙarƙashin ruwa a bar shi inda yake, ba a ciniki da shi. To waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa ɗinkin taru ba. Kada ki gaya wa Iya tukuna.

Yayanki,
Maliki

Rusairis, 27 ga Mayu, 2019

Ruƙayya ƙanwata,

Ina gaishe ki, Allah ya sa wannan ta same ki lafiya. Wasiƙarki ta iso. Kin ce kada in ƙara taɓa komai sai masana sun gani, domin tukunya in ta bar wurinta ta rasa labarinta. Na yi dariya a lokacin. Yanzu kunya ce ta ishe ni.

Iya ta ga sauran ukun a bayan rumbu. Ta juya ɗaya, ta sa babban yatsanta a wani ɗan lotso a gindinta, ya zauna daidai. Alamar kaka Barakatu ce, haka take sa wa duk tukunyar da ta gina. Mu da muka tashi ana rufe kabari da itace ba mu san wannan ba, ashe kafin mu yi wayo, a tsohon gari da rababbun tukwane ake rufe mamaci kafin a zuba ƙasa. Maƙabartarmu na yaye, Ruƙayya. Ban san kan wa na buɗe ba, kuma kaka da Baba duk suna nan.

Na nemi baƙon har Damazin, an ce ya wuce. Ukun na mayar da su da hannuna, a sauran guraben na jera duwatsu. Na gaya wa liman da sauran masunta, an yarda ba mai ƙara jefa taru a wurin. Na lissafa, shekara shida kawai garin ya yi a ruwa, yarjejeniyarki ba ta ma kai gare mu ba tukuna. Ba wata doka da ta hana ni, kuma wannan bai rage mini komai ba.

Iya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata. Jiya dai ta kira Mujtaba ɗan ƙaninta, a gabana, ta bar masa wasiyya cewa ranar da ta cika shi zai shiga ramin ya rufe ta, ni in tsaya a waje.

Ki zo da hutu, don Allah. Ke tana jin maganarki.

Yayanki,
Maliki