Makullin Ɗakin Harsashi

Gawon Nama, Sakkwato

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ƙafar ta yi sauƙi? Ya Malam da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta warware.

Zancen ofis ne ke cina. Hukumarmu, wadda aikinta duba mudu da sikeli a kasuwa, ta sayo bindigogi da akwatunan harsashi, wai don tsaron ma'aikata. A wurin taro na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mu da masu hatsi muke hulɗa. Wa za mu harba a cikinsu?" Shugaba ya ce, "Mun ji, Umaru, zauna."

Ba a yi sati ba aka ba Nasiru makullin ɗakin makaman, mutumin da ni na koya wa rubuta rahoto. Aka tura shi horo, ya dawo da kaki da sabon babur. Jiya a Ƙofar Dundaye masu shaguna suka miƙe suna gaishe shi, ni da ke bayansa ko hannu ba su ba ni ba.

Yaya, har yanzu ina tsoron ranar da gardamar mudu za ta ƙare da harbi. Amma ba zan ɓoye miki ba, da ni aka miƙa wa makullin ga, da hannu biyu zan karɓa. Wannan ya fi komai ba ni kunya.

Ki gaida Malam da yara. Ki sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ikon gaida Nasiru da zuciya ɗaya.

Ƙanenki,
Umaru