Hoton Mafitsarar Malam Zakariyya'u

Unguwar Sanusi, Kaduna
7 ga Yuni, 1999

Zuwa ga aminina Shekari,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Naomi da mutanen Kagoro. Tun da muka ajiye alli ka koma gida, matata Dije kuma ta rasu, ba ni da abokin hira sai rediyo. Shi ma ba ya zancen komai sai sabuwar gwamnatin farar hula.

Wata uku ke nan fitsari na yi mini gardama, sai ɗigo-ɗigo. Likita ya ce a ɗauki hoton mafitsara da hanyar fitsari, don a san ko toshewa ce ko wani mugun abu. Ana sa maka siririyar roba, a ɗura wani ruwa mai fitowa a hoto, sannan ka yi fitsari a tsaye na'ura tana ɗauka.

Ka san wa na tarar a ɗakin? Chigozie, ɗan bakaniken Kakuri, wanda muka koyar a aji huɗu. Shi ne mai hoton.

Shekari, tun da na yi wayo ban taɓa fitsari a tsaye ba, balle a gaban ɗalibina. Minti arba'in ina tsaye, ko ɗigo. Na sa wandona na fito. Ba zan koma ba. Nafisa tana Kano, kuma wannan ba zancen uba da 'ya ba ne.

Ka huta lafiya,
Zakariyya'u

Kagoro
16 ga Yuni

Zakari, tsohon banza,

Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Na yi dariya har Naomi ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga baya na ajiye takardar, dariyar ta yanke.

Kai ne fa mai jera yara a layi ranar allura, kana cewa jarumi ba ya gudu. Soja ma sun haƙura sun koma bariki, kai ka kasa haƙura da tsayuwar minti biyu? Yayana Tagwai haka ya ɓoye nasa, sai da ƙodarsa ta lalace muka sani. Cikin abokan aikinmu mu biyu muka rage. Kada ka bar ni da mutanen da ba su san lokacin da nake da gashi ba.

Naka,
Shekari

Kakuri
22 ga Yuni

Malam,

Ina gaisuwa da ladabi. Baba Shekari ya aiko mini da takarda. Kada ka yi fushi da shi. Kuskurena ne da ban tambaye ka ba. Na ɗauka ciwon ne ya hana.

Hoton mafitsara kawai bai isa ba. Sai fitsari yana gudu ake ganin inda hanyar ta matse, kamar yadda ba a gane inda kwata ta toshe sai an zuba ruwa. Amma tsayuwa ba dole ba ce. Na samo ɗan benci, na gwada sauke na'urar, ta kai. Za ka zauna, a ja labule, a buɗe famfo ya yi ta zuba. Wani dattijon ma'aikaci zai sa robar. Ni ina bayan bango, ƙashi da farin ruwa kawai nake gani.

Malam, kai ka riƙe hannuna na fara rubuta sunana. Ka bar ni in yi maka aikin da na iya. Litinin, ƙarfe tara na safe.

Ɗalibinka,
Chigozie

Unguwar Sanusi
29 ga Yuni

Shekari, munafuki,

Na je, na zauna, an ɗauka. Ba ciwon daji ba ne. Wuri ɗaya ne ya matse, siriri kamar zare. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa za su buɗe shi.

Sun ba ni takarda in rubuta sunan mai jinya. Na daɗe riƙe da biro. Naka na rubuta.

Na san Kagoro da nisa. Ka dai tuna da ni ranar, da hantsi.

Zakariyya'u