Na Biyar Za Ka Fara Ko Na Shida

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya da buɗi a wurin aiki. Mu nan ƙalau muke. Ciwon gwiwar Mama ya yi sauƙi, Baba kuma ya koma shago yana ta faɗa da masu gyaran rufi. Ni ma ƙafata ta warke, na koma kan keken ɗinki, sai dai in na daɗe a tsaye takan ɗan yi mini tsami.

Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko kashi na biyar za ka fara bugawa a gem ɗin nan namu, wasan bidiyon nan, ko na shida, tunda aiki ya hana ka taɓa su, yanzu kuma ka samu hutun mako biyu. Wallahi da na karanta sai da na ajiye almakashi na yi dariya, har wata da ta kawo ɗinki ta tambaye ni ko lafiya. Shekara guda cur ina jiran wannan rana.

Bari in tuna maka, ko da yake na san ba ka manta ba. Bara da na karye, kana shirin tafiya, ka jona mini na'urarka a ɗaki, ka ajiye faifai huɗu a gefen gado. Ka rubuta a bayan takardar asibiti cewa in fara da na huɗu, sannan na ɗaya, na biyu, na uku, wai na huɗun ne asalin labari duk da daga baya ya fito. Ni kuwa sakarya na bi. A na huɗun na ga da idona yadda tsohon maƙerin nan ya kashe uban jarumin. Ina shiga na ɗaya, ashe shi ne ya rene shi, yana ƙera masa takobi, yana kiransa ɗana. Mako shida ina kwance ina kallon fuskar munafukin nan, na riga na san komai. Ƙarshen na uku, inda asirin maƙerin ke tonuwa, da ya sa kowa kuka, har kai da ka ce ka kasa cin abinci ranar, ni ko gezau ban yi ba. Irin wannan daɗin sau ɗaya ake jinsa, Yaya, kai kuma ka ƙwace mini nawa.

Na ɗauka kuskure ne, har uzuri nake yi maka. Sai da Dogo abokinka ya kawo ɗinki bakinsa ya suɓuce, ya ce da gangan ka yi, wai ramuwar ranar da na goge maka wasan da ka ajiye, tun ina sakandare. Ya ce har tafawa kuka yi. Shekara tara ka riƙe abu a zuci, ka jira sai da aka ɗaure mini ƙafa. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

To, na gama na biyar da na shida, kowanne sau biyu. Akwai wanda in ka fara da shi, cikin minti goman farko zai nuna maka kabarin wanda ka fi ƙauna a labarin, ɗayan kuma ya tashi a banza. Kada ka wahalar da kanka wajen Dogo, bai buga ba. Ɗan Kawu da ya buga ya rantse mini ba zai buɗe baki ba, na ɗinka masa riga kyauta. In kuma ka leƙa intanet, hoton farko da zai fito shi ne kabarin.

Mama ta ce in yafe maka, wai tsofai-tsofai da mu muna faɗa a kan wasan yara. Na ce mata na ji.

Ga amsata: ka fara da na shida. Wataƙila tausayinka ya kama ni, wataƙila bai kama ni ba. Ka zauna da faifan biyu a hannu, ka tambayi kanka ko ƙanwarka za ta cuce ka.

Mama da Baba suna gaishe ku, Kawu ma haka. Ka shafa mini kan yara. Ka gaishe mini da Anti gaisuwa ta musamman, don ta yi mini alkawarin ɗauko hoton fuskarka idan minti goman ya cika.

Taka mai yi maka biyayya,
Auta